Injin Ginin Roba a Ƙasar Rima: Cututtukansa da Magungunansu

Jawabin da aka gabatar ga ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan asalin Wurno da Rabah da Goronyo

 Batun da aka ɗora mana shi ne mu yi bayani a kan wani ɗan inji da ya fara shigowa jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan, har ma da ɗakunan waɗansu samari masu sha'awar ƙere-ƙere, watau injin nan da ake kira firinta 3D, wanda mu za mu kira shi injin ginin roba. An kuma nemi mu faɗi abin da ke lalata aikinsa da yadda ake shawo kansa.

Da wuya a sami wani a zauren nan da bai taɓa leƙa wani sito na makaranta ko na ofis ya tarar da injuna a jibge, ƙura ta lulluɓe su ba. Da yawansu ba wani mugun ciwo ya kwantar da su ba, illa dai an rasa wanda zai iya gane ɗan abin da ya same su. Abin da muke so mu tabbatar yau shi ne, mallakar inji ba ta cika sai da sanin gyaransa, kuma gyaran wannan inji a ƙasarmu yana farawa ne daga sanin ƙasar ita kanta, da zafinta da ƙurarta da halin wutarta.

Yadda Injin Yake Aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli maginiyar tukwane ya riga ya fahimci rabin aikin wannan inji. Yadda take murza yumɓu tana ɗora zagaye bisa zagaye har randa ta tashi, haka shi ma yake yi, sai dai da narkakkiyar roba. Ana sayen robar a nannaɗe kamar zare, kaurinta milimita 1.75. Wata 'yar giya mai haƙora ita ke tura zaren zuwa cikin wani kai mai zafi, ya narke, ya fito ta nozul wanda ramin bakinsa yawanci milimita 0.4 ne. Sa'an nan ƙananan motoci na lantarki su riƙa jan kan nan gaba da baya, hagu da dama, a bisa wani faranti mai ɗumi, ana shimfiɗa hawa ɗaya bayan ɗaya, kowane hawa kaurinsa kamar milimita 0.2. Ke nan abu mai tsawon santimita 10 hawa 500 gare shi, kuma aibin hawa ɗaya tak ya isa ya ɓata sauran.

Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump shi ya ƙago dabarar, ya nemi rajistar mallakarta a 1989. Muddin rajistar na aiki, injin na manyan kamfanoni ne kawai. A 2005 Dokta Adrian Bowyer na Jami'ar Bath ta Ingila ya kafa shirin RepRap, da nufin a yi injin da zai iya ƙera sassan ɗan'uwansa, ya kuma saki zanensa kyauta ga kowa. Da wa'adin rajistar Crump ya cika a 2009 sai farashi ya faɗi warwas, har ya zamana a 2018 ana samun injin Ender 3 na kamfanin Creality na ƙasar Sin a kan dala 200 ko kusa da haka.

Kada kuma a zaci abin ya tsaya a ƙasashen Turawa. A 2013, a birnin Lome na Togo, Kodjo Afate Gnikou ya haɗa irin wannan inji a ma'aikatar WoeLab da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da aka zubar a juji. A Yola kuwa, cibiyar ƙirƙira da aka buɗe a 2018 ta yi amfani da shi wajen ƙera hannun roba ga waɗanda suka rasa hannu.

Ina Ruwanmu da Shi?

Wani zai ce, to, ina ruwan manomin albasa da tafarnuwa na fadamar Wurno da wannan? Ruwansa kuwa babba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, wadda ke iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, noman rani a yankin nan ya ƙara dogara ga ƙarfe da roba: injin ban ruwa, da mesa, da famfon feshi, da injin casar shinkafa. Bayan janye tallafin man fetur a 2023 kuma manoma da dama sun koma ga famfo mai aiki da hasken rana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da 'yan ƙananan sassa na roba, kamar mahaɗin mesa, da rariyar bakin tiyo, da murfi, da maɓalli, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma in ɗaya ya karye sai aiki ya tsaya cik. In ba a samu a kasuwar Achida ba sai Sakkwato, in babu a Sakkwato sai Kano, ga kuma halin da hanyoyinmu suka shiga na rashin tsaro a 'yan shekarun nan. Albasa kuwa ba ta jiran kowa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a garin har ya rasu a can a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje shawara cewa wajibi ne shugaba ya raya masu sana'a a garuruwansa, maƙera da masaƙa da sauransu, domin jama'a ba ta rayuwa sai da su. Injin ginin roba wata sabuwar maƙera ce, kuma maƙera ba ta da amfani in zugazuginta ya mutu.

Ƙa'idar Binciken Ciwo

Kafin mu shiga lissafa cututtuka, ga ƙa'idoji uku. Ta farko, a bi tsari daga waje zuwa ciki: a fara duba ɗaki da wuta, sa'an nan zare, sa'an nan ƙarafan inji, sa'an nan alkaluman da aka ba shi, daga ƙarshe manhajar cikinsa. Masu koyo sukan juya wannan tsari, da zarar aiki ya ɓaci sai su zargi manhaja, alhali kuwa sau da yawa noti ɗaya ne ya kwance. Ta biyu, a sauya abu ɗaya rak a kowane gwaji, domin wanda ya sha magani biyar a lokaci guda bai san wanda ya warkar da shi ba. Ta uku, a ajiye littafi kusa da inji, a riƙa rubuta rana da sa'a, da irin zare, da zafin da aka sa, da abin da ya fito. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a gina ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu, milimita 20 kowane gefe, a auna shi, a dubi fatarsa.

Bazara da Hunturu da Damina

Waɗanda suka tsara injunan nan sun yi lissafinsu ne da ɗaki mai ɗumin digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Robar da aka fi saya, wadda ake kira PLA, ana yin ta ne daga sitacin masara ko rake, tana fitowa da kyau a digiri 190 zuwa 220, amma tana fara laushi tun daga wajen digiri 60. Tsarin injin shi ne zare ya kasance da taurinsa har ya isa bakin wuta, wata 'yar fanka ce kuwa ke sanyaya maƙogwaron da yake bi. To, in iskar da fankar ke hurawa ita ma mai zafi ce, sai zafi ya hauro sama, zare ya yi laushi tun bai isa ba, ya kumbura ya toshe hanya. Alamar wannan ciwo ita ce aiki ya fara lafiya lau, bayan rabin sa'a ko sa'a guda a ji giya tana ƙas-ƙas, kai yana ta yawo a iska ba abin da ke fita. Maganinsa a yi aikin PLA da dare ko da asuba, a buɗe akwatin inji in mai akwati ne, a rage ɗumin faranti zuwa digiri 50, a kuma tabbata fankar maƙogwaro na juyawa sosai. Haka nan allon lantarki na inji, in ya yi zafi ainun, sassan da ke tuƙa motoci sukan ɗauke na ɗan lokaci don kare kansu, sai a ga ginin ya goce gefe guda kamar an ture shi.

Zafi yana bin kayan har bayan an gama su. Mahaɗin mesa na PLA da aka bari a rana a gona, ko a cikin mota a rufe, zai lanƙwashe. Kayan gona sai robar PETG, 'yar'uwar robar gorar ruwa, wadda ke jure zafi har wajen digiri 80, ana kuma narka ta a digiri 230 zuwa 250. A zaɓi fara, domin baƙa ta fi shan rana.

Hunturu kuma da nasa. Ƙurar da ke sauka a kan zare tana bin sa har cikin nozul, ta taru ta toshe shi. Ɗan guntun soso da aka tsaga aka maƙala wa zare kafin ya shiga giya ya isa ya share ta. Ƙura a kan faranti tana hana roba kamawa, a kan sandunan ƙarfe kuwa takan cuɗe da giris ta zama kamar yashi. A rufe inji da zane in ba a aiki, a goge sanduna kowane mako. Iskar asuba mai sanyi da ke shigowa ta taga tana sa kusurwoyin gini su ɗago daga faranti, saboda roba na tsukewa in ta huce da sauri. Ga kuma wani abu da aka cika mantawa: bushewar iska tana tara wa jiki lantarki, irin wanda ke sa bargo tartsatsi da dare, kuma wannan tartsatsi yana iya kashe allon inji. Kafin a taɓa allo a fara taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, zare yakan sha danshin iska. In ya shiga wuta sai ruwan ya tafasa, a ji ɗan fat-fat a bakin nozul, fatar gini ta yi ƙuraje, kuma a ga siraran zaruruwa kamar saƙar gizo-gizo tsakanin sassa. A ajiye zare a bokiti mai murfi tare da ƙullin nan na garin tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. In ya riga ya jiƙa, a ɗora shi a kan farantin injin, a kife masa kwali, a bar shi a digiri 45 zuwa 50 na tsawon sa'a 4 zuwa 6. Kada a shanya shi a kan kwano kamar barkono, zai manne da juna.

Wutar Lantarki

Akwatin wuta na yawancin ƙananan injuna yana da ɗan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutar Nijeriya bolt 230 ce. Wanda ya jona alhali maɓallin na kan 115 zai ƙone akwatin nan take, saboda haka wannan ne abu na farko da za a duba ran da aka buɗe kwali. Injin irin Ender 3 yakan ja wajen wat 300 sa'ad da yake ɗumama faranti, sa'an nan ya sauko zuwa 100 ko 150. Ke nan aikin sa'a 8 yana cin kimanin kilowat-awa ɗaya, abin da madaidaicin batir da inbata da farantan sola za su iya ɗauka. A Rabah ko Goronyo wannan ita ce hanyar da ta fi tabbas, domin wutar da ke raurawa tana sa zafin nozul hawa da sauka, wutar da ta ɗauke kuwa tana kashe aikin yini guda.

Gaskiya ne manhajar Marlin tana da dabarar ci gaba daga inda aka tsaya, wadda ake kunnawa da umurnin M413 S1. Amma fa in faranti ya huce kafin wuta ta dawo, ginin yakan saki, kuma tabon mahaɗin yana nan. Rigakafi dai ya fi magani.

Karanta Aibi a Jikin Gini

Ruwa ba ya tsami banza. Kowane aibi da ya fito a jikin gini shaida ne na abin da ya faru, sai dai a koyi karatunsa.

Hawa na farko shi ne harsashi. In nozul ya yi nisa da faranti, roba za ta kwanta kamar taliya, ba ta kama ba. In ya matse da yawa, za ta fito siririya ana hango faranti ta cikinta, ko ma ta ƙi fita. Ana daidaitawa ne da takardar rubutu, wadda kaurinta ya kai kamar milimita 0.1: a zura ta ƙarƙashin nozul a kusurwoyi huɗu da tsakiya, a juya notin ƙasa har a ji tana ɗan gogawa. A yi wannan faranti na da ɗumi, gama ƙarfe yana buɗewa da zafi. Maiƙon yatsa ma yana hana kamawa, sai a wanke faranti da ruwa da sabulu.

In bango ya fito da giɓi-giɓi, yana ruɓuɓɓushewa a hannu, roba ce ba ta isa ba. A duba abu huɗu bi da bi: ko zare ya harɗe a kan ƙwaryarsa, ko haƙoran giya sun cika da garin roba, ko hannun da ke matse zare ya tsage ta ƙarƙashi, ko kuwa nozul ya toshe. Don share nozul, a ɗumama shi zuwa digiri 200, a tura zare da hannu, a bar shi ya huce zuwa wajen digiri 90, sa'an nan a fizgo zaren gaba ɗaya, zai fito da dattin a bakinsa. A injunan da farin bututu ke kai zare har bakin nozul, in aka bar 'yar tazara tsakanin su biyu, nan roba za ta riƙa taruwa tana toshewa kullum. Bututun nan kuma yana lalacewa in zafi ya wuce digiri 250.

In da'ira ta fito kamar ƙwai, ko gini ya goce, a duba bel ko ya saki, da ɗan sukurun da ke riƙe da ƙafar bel a jikin moto. In kai ko faranti na girgiɗi, akwai noti mai karkataccen rami a bayan tayoyinsu wanda ake juyawa kaɗan har girgiɗin ya tafi. Duk wannan aikin sifana ne da ido, irin wanda kowane yaron bakanike ya sani.

Manhajar Cikin Inji

Yanzu mun iso ƙurya. Manhajoji biyu ne ke aikin. Ɗaya tana kwamfuta, kamar Cura ko PrusaSlicer, ita ke yayyanka zane hawa-hawa ta mai da shi jerin umurni. Ɗayar tana zaune cikin allon inji, ita ke karanta umurnin, ta ƙidaya takun motoci, ta tsare zafi. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce Marlin, wadda Erik van der Zalm ya fara a 2011. Tana ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa izinin karanta ta da sauya ta. Ku dubi girman wannan al'amari. Galibin injunan da aka kawo mana a baya a kulle suka zo, mabuɗin na hannun mai sayarwa. Wannan kuwa da mabuɗinsa ya zo.

Matsalolin manhajar ciki iri uku ne. Na farko, alkaluma marasa daidai. In an haɗa inji da kwamfuta aka aika masa M503, zai zayyano duk alkaluman da yake aiki da su. A kwafe su cikin littafi tun ranar farko. A Ender 3 na asali, misali, moton zare yana taku 93 kafin ya tura milimita ɗaya. Don gwadawa, a auna milimita 120 daga mashigar zare a yi alama, a umurci inji ya tura 100. A ce an auna an tarar saura 25, ashe 95 ya tura. Sai a ninka 93 sau 100 a raba da 95, a sami 97.9, a aika M92 E97.9, sa'an nan M500 don ya adana. Amma in gwaji uku ya ba da amsa uku daban-daban, laifin ba na alkalami ba ne, a koma ga giya da nozul. Haka kuma in zafin nozul na lilo sama da ƙasa, ko an sauya hita ko fanka, umurnin M303 zai sa inji ya gwada kansa ya fitar da sababbin alkaluman tsare zafi.

Na biyu, saƙonnin gargaɗi. In fuskar inji ta rubuta THERMAL RUNAWAY ta tsai da aiki, ma'anarsa manhaja tana ba hita wuta amma ma'aunin zafi bai nuna ƙaruwar da ta kamata ba. Wataƙila ma'aunin ya zame daga raminsa, ko waya ta kusa tsinkewa, ko fanka na hura kan nozul. In ta rubuta MINTEMP, watau ta karanta sanyin da ya gaza digiri 5, to, mu dai mun san ɗakunan Wurno ba su yin irin wannan sanyi ko a tsakiyar hunturu, saboda haka wayar ma'auni ce ta yanke ko ta zare. Muna roƙonku da babbar murya, kada wanda ya ba ku shawarar kashe wannan kariya ku saurare shi. In ma'auni ya zame kuma babu mai tsaro, hita za ta yi ta ci har roba ta kama wuta. An yi gobara a ƙasashen waje ta wannan hanya, domin waɗansu injuna masu araha na shekarun baya an sayar da su ba a kunna musu kariyar ba. Wanda ya sayi tsohon inji na hannu lalle ya bincika wannan kafin ya bar shi yana aiki a ɗakin da mutane ke kwana.

Na uku, ɗora manhajar da ba ta dace ba. Injuna biyu masu suna ɗaya suna iya zuwa da allo daban. A buɗe a karanta lambar da ke jikin allon, gama a injunan Creality manhajar allo mai lamba 4.2.2 dabam take da ta 4.2.7, in aka musanya sai motoci su ƙi tafiya daidai. A yi amfani da ƙaramin katin memori da aka share da tsarin FAT32, a sa fayil ɗaya tak, a ba shi sunan da bai yi daidai da na baya ba, in ba haka ba allon zai yi biris da shi. A yi aikin a kan batir, don ɗaukewar wuta a tsakiya tana iya barin allo a sume. Bayan an gama a aika M502 da M500 don share tsofaffin alkaluma, sa'an nan a mayar da waɗanda ke littafi. Kuma in inji na aiki lafiya, a ƙyale manhajarsa, ba kowane sabon abu ne ke da amfani ba.

Akwai wata manhaja mai suna Klipper wadda ke ɗora nauyin lissafi a kan wata 'yar kwamfuta irin Raspberry Pi, ana kuma gyara alkalumanta a rubuce cikin fayil ɗaya. Tana da kyau ga wanda ya ƙware. A ɗaya gefen kuma akwai sababbin injuna masu sauri waɗanda manhajarsu ke kulle. A Janairun 2025 kamfanin Bambu Lab ya sanar da wani sauyi da ke taƙaita yadda manhajojin waje ke sarrafa injunansa, abin da ya jawo muhawara mai zafi tsakanin masu sana'ar. Ga mutumin da ke zaune inda intanet ke zuwa tana tafiya, tambayar da ta kamata kafin saye ita ce, shin injin zai yi aiki da kati kaɗai, kuma ana samun sassansa a kasuwa?

Iyakar Injin

Kada doki ya ɗebe mu. Abin da aka gina hawa-hawa yana da rauni a mahaɗin hawa, kamar yadda itace ke tsagewa ta bin jijiyarsa, don haka a kwantar da zane yadda nauyi zai bi tsawon hawa. Ba a gina birki da shi, ko abin da ke kusa da salansa, ko farfelar injin ban ruwa mai fetur. Sai dai a nan ne muke ganin wata babbar dama. Masu zubin tukwanen dalma da ke garuruwanmu suna danna samfuri ne cikin damshin ƙasa su fitar da gurbi, su zuba narkakken ƙarfe. Abin da ya fi ba su wuya shi ne samun samfuri mai daidaitaccen awo. Ɗalibi ya zana, inji ya gina samfurin da PLA, maƙeri ya zuba shi da dalma, ga shi an sami abin da zafin Afrilu ba zai lanƙwasa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Batun tsadar zare ma yana da mafita a nan gaba. Injin Polyformer, wanda ya ci kyautar James Dyson a 2022, yana yanka gorar ruwa ya mai da ita zare. Ledar fiya wata kuwa wata irin roba ce dabam mai yawan tsukewa, ba ta dace da wannan aiki ba.

Kammalawa

Ku yayyenmu ma'aikata, wata rana takardar sayen irin wannan inji za ta biyo ta teburinku. Muna roƙo ku tambaya: ina kuɗin nozul da ma'aunin zafi da bel da fanka na ajiya? Ina batir da sola? Wa za a koya wa, kuma in an yi masa canjin wurin aiki wa zai gaje shi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Inji biyu masu araha da akwatin kayan gyara sun fi inji ɗaya mai tsada da aka kulle a ofishin shugaba don nuna wa baƙi.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, in kun je hutu ku zaga fadama da ma'auni a aljihu, ku tambayi iyayenmu manoma wane ɗan abu ne ya fi karye musu, ku auna shi, ku zana. Ku rubuta abin da kuka gano game da zafi da ƙura da danshi da harshen Hausa, yadda mai gyaran waya na bakin tasha zai karanta ya gane, domin littattafan da suka zo da injin ba su san bazarar Goronyo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malam shugaba, a nan za mu dakata, mu ba masu tambaya fili.